Kalma Biyu a Jikin Kwalbar Magani

Shekarun baya da nisa, ƙasar nan ba ta wuce shekara uku da samun 'yancin kai ba, na dawo gida Illela hutu daga makarantar kwana a Sakkwato. Shekarata goma sha shida, kuma duk zuri'armu ni kaɗai na taɓa zama a kan bencin boko. Kada ku tambayi irin jin kan da nake yi. Alƙalami biyu nake sokewa a aljihu, ɗaya ma ba ya rubutu. Ko jakin gidanmu ya tare mini hanya da Turanci nake korarsa.

Mahaifina fataucin fata yake yi tsakanin Illela da Konni. Shi ya kai ni boko, kuma sai da suka yi wata biyu ba sa gaisawa da yayansa a kan haka. Baffan nawa malami ne mai makarantar allo, ya ce karatun nasara ba ya ƙara wa yaro komai sai ƙarya da tsaurin ido. Tun daga nan duk takardar da ta shigo gidan, ko ta naɗe sabulu ce, sai mahaifina ya kira ni zaure in karanta da ƙarfi, musamman in Baffa yana nan.

Ina da ƙanwa 'yar shekara bakwai mai surutun tsiya. Bature take ce mini. A wannan hutun, ana tsakiyar zafin bazara, zazzaɓi ya kama ta da ciwon kai. Kwana biyu ana ba ta jiƙo bai sauka ba. Mai ba da magani na garinmu ya tafi ƙauyuka, don haka da safiyar rana ta uku mahaifiyata ta shirya, ta ce a ɗaura wa jaki shimfiɗa a tsallaka iyaka da yarinyar zuwa asibitin Konni, tafiyar da ba ta kai awa biyu ba.

Ana cikin shiri sai mahaifina ya tuna da wata kwalbar ƙwayoyi farare da wani direban motar goro ya taɓa ba shi kyauta. Ya ɗauko ta ya kira ni. Baffa na zaune a kan buzunsa, ya zo duba mai jiki.

“Duba muna, mi anka rubuta nan?” in ji mahaifina.

Na karanta. Na gane kalmar zazzaɓi, na gane ƙwaya ɗaya. Amma a gabansu akwai wasu kalmomi biyu a jere: “ward off”. Ban taɓa ganinsu tare ba. Ta farko na san ta, don an taɓa kwantar da wani ɗan ajinmu, ita ce sunan ɗakin da ake kwantar da marasa lafiya. Ta biyun kuwa ko a jikin makunnin lantarki akwai ta, kashewa ce ko cirewa. Na ɗaga kai na ga Baffa yana kallona yana jan carbi. Sai na haɗa biyun yadda hankalina ya ba ni. Na ce an rubuta maganin yana warkar da zazzaɓi, har wanda ya sha ba ya buƙatar ɗakin asibiti.

Mahaifina ya tambaye ni ko na tabbata. Na ce na tabbata. Ya dubi yayansa yana murmushi, ya aika cikin gida a kwance jaki.

Mahaifiyata ba ta yi musu ba. Ta dai leƙo ta kira ni gefe, ta sake tambayata a hankali. Na ƙara maimaita mata, har da ɗan ɓacin rai, wai ana shakkar karatuna.

Kwana biyu muka yi muna ɗura wa yarinyar nan ƙwaya. Wuyanta ya sanƙare, ta daina son haske, surutun ya ɗauke. Da aka ƙarasa da ita Konni, malamin asibitin yana taɓa ta ya ce sanƙarau ne, ya tambayi inda muka tsaya har ta kai haka. Washegari bayan la'asar ta rasu.

A zaman makoki kowa cewa yake kwana ya ƙare. Ni ma haka na ɗauka, don har lokacin ban san na yi kuskure ba. Maganin nake zargi.

Sai da na koma makaranta da wajen wata biyu. Malamin Turanci yana karanta mana labarin wani makiyayi da ya hura wuta don kuraye, sai ga kalmomin nan biyu. Ya rubuta su a allo, ya ce idan suka haɗu ba ruwansu da asibiti. Ma'anarsu karewa, a tare abu tun bai iso ba. Ya ce kamar ƙwayar da mai lafiya ke sha don kada zazzaɓi ya kama shi. Yara suna kwafa a littafi, ni kuwa na ajiye alƙalami. Ashe rigakafi na mayar magani.

Da na dawo hutu na samu mahaifina shi kaɗai a rumfar fatunsa, na faɗa masa komai. Na shirya wa duka, na shirya wa zagi. Ya daɗe yana juya wata fata a hannu, sannan ya ce:

“Kada ka kuskura Baffanka shi ji wagga magana.”

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, kuma har ya bar duniya bai ƙara tayar da zancen ba. Ya ci gaba da kirana zaure in karanta takardu, ni kuma na ci gaba da karantawa.

Mahaifiyata kuwa sai da na yi aure na haihu kafin na iya buɗe baki. Tana tsince wake a faifai, ba ta ko ɗago ba. Ta ce tun ran nan ta ga idona, ta san ba ni da tabbas, shi ya sa ta sake tambaya.

“Da ka ce ba ka sani ba, da mun tafi,” ta ce. “Na yafe maka. Uban naka ma na yafe mai. Kaina ne ban yafe ma ba, da na zauna.”

Daga baya na yi shekara talatin da wani abu ina koyar da Turanci. Likitoci fiye da ɗaya sun ce mini ko da an kai ta ranar, ba lallai ta tashi ba. Na yarda, kuma na yarda da ƙaddara. Amma wannan bai taɓa rage mini komai ba. Abin da ke ci mini rai har gobe shi ne mu uku muna sonta, kuma duk muka tsaya gudun jin kunya a gaban tsoho ɗaya, wanda bai ma ce uffan ba. Yau da tana raye da tana da jikoki. Ni ne na tsufa, ita tana nan a shekara bakwai.