Mangwaron da Na Dasa a Takarda

Ƙarfe tara da kwata na safe, wata ranar Talata, aka kaɗa ƙararrawar fita cin abinci, kowa ya fice ya bar ni a aji kamar kullum. Ina aji biyar a wata sakandaren 'yan mata a Tambuwal. Na riƙe wannan lokaci ne saboda na ɗaga kai na dubi agogon bango sa'ad da Rabi, wata 'yar ajinmu, ta dawo ta zauna kusa da ni, ita da ba ta taɓa zama kusa da ni ba.

Kafin wannan rana ba ni da wani labari. Mahaifina akawu ne a ƙaramar hukuma, shi ya koya mini riƙon biro. Ni mai kunya ce ƙwarai, idan malami ya tambaye ni sai bakina ya ƙi buɗuwa ko da na san amsa. Amma a takarda ba na in'ina. Ina da littattafai cike da abubuwan da na kasa faɗa wa mutane, kuma ba a taɓa samun gogewa ko ɗigon tawada a cikinsu ba.

Rabi ta ajiye wata tsohuwar wasiƙar babanta a gabana. Tana son zuwa biki Sanyinna, ba a ba ta izini ba. "Ke da kika iya zane kamar inji," in ji ta, "yi mani irin hannun tsohon nan mana." Na yi a minti goma. Shugabar makaranta ta karanta, ta buga hatimi, ko kai ba ta ɗaga ba. Ina leƙe ta taga. Ni da ba a jin muryata a aji, ga shi na sa an buɗe ƙofar makaranta da layi biyar. Daɗin da na ji ranar shi ne mafarin komai.

Daga nan aka san ni. Takardar asibiti, takardar shaidar zama ɗan gari, wasiƙar wani babba zuwa wani babba. Akan ba ni abin hasafi, amma ba zan yi muku ƙarya ba, ba shi ya riƙe ni ba. Abin da na gano shi ne mutum zai rantse da Allah a ƙi yarda da shi, amma takarda ko tari ba ta yi sai a miƙe mata tsaye.

Bayan na gama makaranta Rabi ta kawo mini kawunta, wani mai sayen hatsi da zan kira Ɗanjuma. A Fakku, ƙasar Kebbe, gonarsa ta yi iyaka da ta wani tsoho da ya rasu ya bar matarsa, Inna Kulu, da ɗansa Bello. Ɗanjuma ya ce tsohon ya sayar masa da gonar shekara goma da suka wuce, takardar ce ta ɓace. Na san ƙarya yake yi, shi ma ya san na sani. Ya kawo mini wata takardar gaske da marubucin maigari ya rubuta kafin ya rasu, don in ga hannunsa.

Kwana shida na yi a kanta. Na koyi yadda marigayin yake danne biro a farkon layi ya sassauta a ƙarshe. Na jiƙa takardar da ruwan shayi, na rataye ta a madafa ta sha hayaƙi, na ninke ta na buɗe har ninkin ya yi laushi. Shaidu biyu da muka sa duk sun rasu. Da na zo wurin iyaka na tambayi Ɗanjuma, ya lissafa mini: yamma burtalin shanu, arewa gonarsa, kudu kwari, gabas mangwaro. Na rubuta. Ban taɓa taka Fakku ba. A wurina gonar layi huɗu ce kawai.

Maigari ya ga hannun marubucinsa, ya share hawaye, ya ba Ɗanjuma gona. Damina biyu Inna Kulu tana sussuka a gidajen mutane ana auna mata gero. Bello ya yi rantsuwa a gaban jama'a cewa ubansa bai sayar ba, aka ce masa ga takarda. Ya ɗauki jakarsa ya yi kudu. Har yau ba a ji ɗuriyarsa ba.

Tsohuwar ba ta haƙura ba, ta kai ƙara kotu. An ba ni labari cewa da aka karanta mata takardar ta saurara har aka zo iyakar gabas. Sai ta ce a maimaita. Aka maimaita. Ta ce, "Allah shi gafarta Malam, wane mangwaro? Icce ɗaya na a gonar, kuma maigidana ya dasa shi ran sunan jikarmu. Ga ta can, ko haƙoran gaba ba ta gama famfara ba." Yarinyar shekararta shida. Duk Fakku an san ranar da aka dasa iccen, don da ruwan wankin tukwanen suna aka fara ba shi ruwa. Takardata kuwa ta ce yana tsaye tun fiye da shekara goma.

Ɗanjuma bai kai la'asar ba ya ambaci sunana. Da aka zo tafiya da ni mahaifina yana zaune a zaure. Bai yi faɗa ba. Ya dubi hannuna na dama ya ce, "Ni na koya maki." Bai sake sa biro a aljihun rigarsa ba har ya bar aiki.

An ɗaure ni shekara biyu. Ba zan ba ku labarin gidan yari dalla-dalla ba. Akwai zafi, akwai kwarkwata, akwai ranakun da ba su da suna. Wata uku ban taɓa takarda ba. Sai wata mata 'yar wajen Jabo ta roƙe ni in rubuta wa 'yarta wasiƙa. Ta ce a tambaya ko akuya ta haihu, a ce wa yarinyar ta daina wanka da ruwan sanyi. Na fara gyara mata magana don ta yi daɗin karantawa. Da na karanta mata sai ta ɓata rai. "Wanga ba ni ba ce. Rubuta yadda nic ce, in ba haka ba ɗiyata ba ta gane ni." Na yage na sake. A nan na fahimci abin da ya sa mutane ke rubutu: akwai akuya ta gaske, akwai yarinya ta gaske, kuma bakin uwar ba ya kaiwa inda suke. Takarda aike ce. Ni kuwa na mai da ita abin ƙwace.

Ku da kuke makaranta, musamman masu shiru irina da aka yaba wa hannunsu, ku ji ni. Kada ku rubuta da sunan wanda bai sa ku ba, ko da wasiƙar zuwa biki ce. Kafin ku sa layi a takarda ku tambayi kanku wa zai kwana da yunwa idan aka yarda da shi. Na tuba ga Allah, amma tubana bai dawo da Bello ba.

Da na fito, tambaya ɗaya ke damuna: ko ya halatta in sake riƙe biro. Mahaifina ya ce ba shi zan tambaya ba. Na hau babur zuwa Fakku. Na sami Inna Kulu a gonar da kotu ta mayar mata tana cire ciyawa, na durƙusa na faɗi ko ni wace ce.

"Ke ce mai dashen icce," ta ce. "Tashi."

Ta sa ni gaba muka zagaye gonar a ƙafa, daga burtali zuwa kwari, ƙaya tana kama mini zane. Ta nuna mini inda Bello ya saba ɗaure jaki. A gindin mangwaron muka tsaya. Bai fi cinyata kauri ba.

Na ce, "Inna, ki yafe mini. In kin ce in bar rubutu har abada, na bari."

"In kin bari, mi zan ci da shi?" Ta karkaɗe ƙasar hannunta. "Ki koma ki rubuta abin da kinka yi, duka, ki sa Bello ciki, ko Allah shi sa wani shi karanta mashi inda yake. In kin gama ki zo nan ki karanta mani da bakinki. Yafiya kuwa sai na ji tukuna, in tabbata ba ki ƙara mani wani icce ba."