Rigar Sarkin da Malam Ari Ya Ɗinka

Malam Ari tela ne a Fagge, jikan Barebarin nan da suka zo fatauci suka sauke kaya ba su sake ɗauka ba. Keken ɗinkinsa ɗaya, almakashi biyu, rumfa ɗaya a bakin hanyar da ta miƙe zuwa tashar jirgi. Tun yana saurayi yake ɗinka jamfa da 'yar shara, kuma ba a taɓa dawo masa da ɗinki ba. Abin da bai taɓa yi ba shi ne shiga silima. A Fagge ta lokacin, mai tsayawa a sahun gaba ba a ganinsa a ƙofar silima, ko inuwa ya je sha.

To, a 1956 sai silima ta fara janye masa mutane. Gidan silimar da ke Sabon Gari ya dinga kawo finafinan mutanen zamanin da: yau sarakunan Indiya da giwayensu, gobe Rumawa masu ɗan bante da hular ƙarfe, jibi Larabawan Masar da takubba. Samari su kalla, gari ya waye su nufi telolin Sabon Gari, waɗanda su ma sun kalla, su ce a yi musu irin ta jiya. Cikin mutum ashirin da ɗaya masu kawo wa Ari ɗinkin sallah, tara sun sulale.

Dabo, mai auna kaya a tasha, shi ne na goman da ke haramar tafiya. Kuma in ya tafi, sauran samarin tasha binsa za su yi.

"Baba Ari, rigar sarkin Indiya nake so. In ba za ka iya ba ka faɗa mini, kada yadina ya tsufa a nan."

"Yaya take?"

"Doguwa, amma ba can ba. Wuyan a tsaye. Ta matse nan, ta buɗe nan."

"Wane launi?"

Dabo ya sosa ƙeya. "Ai komai na ciki baƙi da fari ne, har giwar."

"Wato zabuwa zan ɗinka maka. Ajiye yadinka, kore ne dai, da shi za mu yi."

Washegari da hantsi Ari ya shiga kasuwar Sabon Gari neman Albert, mutumin Zariya, wanda ke haska fim a gidan silimar, yake kuma kawo masa gyaran wando. Ashe duk sanda fim ya tsinke Albert yakan datse bakin ya liƙe, guntayen ya tara a gwangwanin taba. Ya tona ya zaro guda na fim ɗin sarkin Indiyan.

"Ga fadar nan sukutum, Malam. Ɗaga wa rana kawai, ba tikiti."

Ari ya aro tabarau wajen mai gyaran agogo ya duba. Mutum biyu ne, kowane kamar ƙwayar shinkafa. Ɗaya na zaune cikin farar riga, ko aljihu babu. Ɗaya na tsaye, ga rawani da gashin tsuntsu, ga ɗamara, ga maɓallai reras har gwiwa. Wannan ai ba sai an tambaya ba. Ya ƙirga maɓallan, goma sha huɗu, ya sayo su masu ruwan zinariya ya hau keken ɗinki.

Ranar jajibere Dabo ya zo karɓa. Yana warware rigar ya dafe kai.

"Wayyo, Baba! Wannan ai ta mai fifita ce! Baran da ke tsaye yana yi wa sarki fifita!"

"Na zaunen fa?"

"Shi ne sarkin!"

"Sarki da rigar barci?"

"An ci shi da yaƙi ne, yana baƙin ciki!"

"To da ka faɗa mini mai baƙin ciki kake so."

Lokaci ya ƙure, wata rigar babu. Dole Dabo ya saka ta, ya bi abokansa gaisuwar sallah ƙofar gidan mai unguwa, inda dattawa ke jere a kan tabarmi. Samarin duk sun gane rigar. Dariya na cin su, amma wa zai buɗe baki gaban iyayensa ya nuna inda ya san ta? Suka yi ta tari. Dattawa kuwa sai sa albarka suke, wani har da shafa ɗamarar.

Sai Alhaji Abdulgani, wanda ya fi kowa tsine wa silima a unguwar, ya ƙare wa Dabo kallo ya ce, "Ta yi kyau. Saura maficin."

Mai unguwa ya juyo a hankali.

"Wane mafici, Alhaji?"

"A'a, wai... zafi nake nufi. Rigar da nauyi." Ya gyara zama da sauri. "Kai, yaro, wa ya ɗinka maka? Ari? Ai na faɗa, duk Kano babu hannu irin nasa!"

Ya kama yabon Ari bai saki ba har aka kawo tuwo, don kada a koma kan maganar farko. Kafin la'asar labarin ya zaga Fagge da tasha, kowa na son ganin rigar da ta kama Alhaji.

Bayan sallah shida cikin taran nan suka dawo rumfar Ari, kowa da yadinsa a hammata. Dabo ne ma ya jawo su, yana gaba suna kiransa Mai Fifita yana amsawa.

"Ta sarkin ko ta baran?" in ji Ari.

Duk shidan suka ce ta baran.