Buhunan da Na Fitar Ana Kallon Ƙwallo

Ni ɗan dako ne a da. Ina ɗaukar buhu a wani injin casar shinkafa da ke hanyar Wamakko. Ban yi boko ba, ƙwallo kuma ba ta taɓa damuna ba. Baba Altine, maigadin wurin, abokin mahaifina ne. Shi ya samo mini aikin.

Da aka fara gasar Kofin Duniya sai aiki ya lalace. La'asar na yi ma'aikata za su sulale gidan kallo. Wannan ya ce ciwon ciki, wancan ya ce an yi masa rasuwa. Manoma su zauna kan buhunansu suna jira, inji a kashe. Masu shayi da masu tsire na bakin gidan kallo su ke ciniki. Alhaji mai injin ya gaji da faɗa, ya sayo talabijin ya kafa a rumfar gaba, wai a kalla a nan, a koma aiki da wuri. Kowa ya taru gabanta, har Baba Altine da bai san sunan ɗan wasa ko ɗaya ba. Ƙofar baya babu kowa.

Da farko abin dafawa na ɗiba. Babu wanda ya waiwayo. Daga nan na koma fitar da buhu sukutum. Ihun cin ƙwallo nake jira, sannan in ja ƙofa, don tana ƙara.

Da gasa ta ƙare aka duba sito, aka ga giɓi. Alhaji ya kira Baba Altine gaban kowa.

"Ina kake aka kwashe mini kaya?"

"Ina rumfa, Alhaji, inda kowa yake."

"Kowa nike biya gadi? Aje sandar, tafi gida."

Ina tsaye da buhu a kafaɗa. Na wuce da shi sito, na bar laifina a kansa.

Bayan nan dako ya fita raina. Na koma satar babura a bakin gidajen kallo na unguwar Mabera. Na lura in an fara wasa babu mai fitowa sai an tafi hutu. A kan wannan na dogara har lokacin Kofin Afirka. Abin da ban sani ba, da yake ni ba mai kallo ba ne, shi ne in ana cin ƙungiyar da mutane ke so, ba sa jiran a tashi. Ina durƙushe ina fama da makullin wani babur suka fito da haushinsu. A kaina suka huce. Hannuna na hagu har yau bai miƙe ba. 'Yan sanda ne suka ƙwace ni, alƙali ya tura ni gidan yari.

Da na fito na nemi Baba Altine. Na same shi Ƙofar Rini, zaune da tiren goro. Maigadin da aka kora kan sata, babu mai sake ɗaukarsa. Na durƙusa na faɗa masa komai.

Ya daɗe yana yayyafa wa goro ruwa. Ya ce, "Ni na yafe, ɗana. Amma ba ni za ka gaya ma ba. Tai ka gaya ma Alhaji, ya san ban ci mai ko ƙwara ba."

Na je. Alhaji ya saurare ni har ƙarshe, ya ce Allah ya kyauta, shi yana da wani maigadin yanzu. Na koma na shaida wa Baba. Ya ce, "To ya dai ji?" Na ce ya ji. Ya ce ya isa.

Na tuba. Yanzu ruwa nake turawa a kura, da hannu ɗaya da rabi.

Ku samari, gasa za ta sake zuwa, za ku ga wurin aiki ya watse, kaya a yashe. In za ku kalla, ku nemi izini ku je ku kalla. In kun tsaya, ku tsare abin da aka bar muku. Ni na yi zamana na fito. Tsohon da na jawo wa kora yana can bakin titi, kuma ba ni da aikin da zan mayar masa.