Rabin gorar jiƙo da na sha don kunyar suruki

Salamu alaikum. Tun hoton da na sa ina sanye da rigar tsere ba ku sake jin ɗuriyata ba. Wani har ya rubuto min: "Mai gudu ba a kore shi ba, ina labari?" To ga labarin, kuma da fushi nake rubuta shi.

Ni malamin motsa jiki ne a Ƙauran Namoda. Na daɗe ina atisaye a filin makaranta, tunda hanyar daji ba ta biyuwa yanzu, saboda gudun fanfalaki na kilomita ashirin da ɗaya da za a yi a Kaduna.

Mun tafi da matata Rabi, da 'yarmu Amira, da Baba, mahaifin Rabi, wanda ya taso takanas daga Zurmi don ya gane wa idonsa. Dattijon kirki ne. A duk dangi shi kaɗai ne bai taɓa yi wa gajeren wandona dariya ba.

Da safiyar tsere ya ciro gora daga aljihun babbar riga. Jiƙo ne da ya sayo a kasuwar Shinkafi, wajen wani mai tallan magani da lasifika. Ya ce: "Malam, sha wanga. Shi nika sha don ciwon gwiwa. Yau ba ka jin gajiya."

Na san ba a shan abin da ba a sani ba kafin gudu. Ni nake koya wa yara haka. Amma ku faɗa min, wane ɗan Zamfara ne surukinsa zai miƙo masa abu da hannunsa ya ce a'a? Na durƙusa, na karɓa da hannu biyu, na shanye rabi.

Kuma wallahi ban ji gajiya ba. Rana ta take, ni kuwa ko a jikina. Na kai ƙarshe, aka rataya min lambar yabo, Amira tana ta tsalle.

Washegari cinyoyina suka sandare. Fitsari ya fito baƙi kamar shayin da ba madara. Daga nan ya ɗauke gaba ɗaya.

'Yan uwan da muka sauka gidansu suka ce baki ne, wa ya aike ni sa hoto a waya. Aka kunna turare, aka yi ta tofi, ni kuwa ina ta amai, fuska tana kumbura. Sai da Rabi ta ɗauki mayafinta ta ce in ba a nemo mota ba za ta fita titi ta tare da kanta.

A asibiti aka ɗebi jini, aka sa min robar fitsari. Jakar da ke haɗe da robar ta wuni a rataye, babu ko ɗigo.

Likitar ta zo da sakamako ta ce: "Ƙodarka ta tsaya. Me ka sha kafin gudun? Ka faɗa min gaskiya."

Baba yana tsaye a ƙarshen gado da carbinsa. Na dube shi, na dubi likita, na ce ruwa ne kawai. Kun ji fa. Ina bakin kabari ina kunya.

Rabi ce ta buɗe jaka ta fito da gorar. Ta ce: "Likita, ga abin da ya sha. Babana ne ya ba shi."

Likitar ta ɗaga gorar sama. Wani farin gari ya kwanta a gindinta. Ta ce ba ni ne farau ba, ƙwayoyin kashe ciwo ake dakawa a zuba cikin sassaƙe, kuma in suka haɗu da doguwar wahala da ƙishirwa, ƙoda ce ke biya.

Aka fara min wankin ƙoda. Kana kwance kana kallon jininka yana fita ta roba yana zagawa cikin inji. Na ji tsoro, ba zan ɓoye ba. Tunanina ɗaya, wa zai riƙe Amira. Babur ɗina ya tafi a kuɗin asibiti, geron bana ya tafi, Baba ya sayar da sansa na huɗa bai gaya wa kowa ba.

Ranar da fitsari ya dawo cikin jakar nan, Rabi ta zauna ƙasa tana kuka. Ban taɓa zaton zan yi hamdala a kan fitsari ba.

Ba Baba nake fushi da shi ba. Ina fushi da azzalumin da ke daka guba yana rantsuwa da Allah cewa itace ne zalla, kuma har yau lasifikarsa tana tashi ranar kasuwa. Ina fushi da masu cewa gudu ne ya ja min. Na fi fushi da dangin da suka zo dubiya suna raɗa min in rufa asiri, kada a ji kunyar dattijo, har suna ce wa Rabi marar ta ido. Su suka sa na yi shiru duk tsawon lokacin nan.

Makon jiya Baba ya zo Ƙaura. Shi ma an gwada shi, tasa ƙodar ta fara taɓuwa. Ya zauna a zaure ya ce: "Malam, rubuta, ka sa da ni ciki. Gara a zage ni da a rufe ɗan wani."

Shi ya sa na rubuta.

Na gode wa Allah da ya tashi kafaɗuna. Na gode wa likita da ma'aikatan jinya, da malaman makarantarmu da suka yi karo-karo. Rabi kuwa, Allah ya saka miki da Aljanna.

In fitsarinka ya sauya launi ko ya ragu bayan aikin wahala, asibiti za ka nufa a ranar, a yi addu'ar a cikin mota. In likita ya tambaye ka, faɗi gaskiya ko wa ke tsaye a wurin. In kuma babba ya miƙo maka gorar da ba ka san cikinta ba, ka durƙusa, ka karɓa da hannu biyu, ka yi godiya, ka ajiye ta. Rabi ta kusa shiga takaba a kan rabin gora.