Baba Iddrisu da murhun garin katako

A unguwar Akwatialine ta Kumasi, in aka ce "sunan hayaƙi", kowa ya san na gidan Hajiya Rafi'atu ake nufi. Ranar ce Baba Iddrisu ya hana ta sayen gawayi, wai zai dafa wa dukan unguwa shinkafa da wake da garin katako kawai. Ya kafa taɓarya a tsakiyar durom na ƙarfe, ya danƙara garin kewaye da ita, ya zare taɓaryar, ya kunna wuta a ramin. Dabarar daidai take. Sai dai garin ya sha damina, wuta ta ƙi, hayaƙi ya turnuƙe. Malamai suka shafa fatiha suna tari, liman ya raɗa wa jariri suna idonsa na zubar da hawaye.

Baba Iddrisu ɗan Dogondutsi ne, ya zo Kumasi da ƙuruciya, yana kwasar shara da aboboya, babur mai ƙafa uku. Ba ya wuce bola bai tsaya ba. Ɓawon kwakwa, totuwar masara, ɓawon rake, duk a wurinsa abin dafa tukwane ne. Sai ya karkata kai ya ce, "Wannan tarin zai dafa tuwon ƙauyenmu har Sallah." In aka ba shi kunne, daga sharar unguwar Adum zai wuce ta Gana, ya haɗa da karan gonakin duniya, ya yanke hukunci cewa bai kamata a sake sare itace ko ɗaya ba.

Mu dariya muke. Amma akwai ƙanwarsa Safura a can gida, ta tsufa, gwiwa ta ƙi, kullum tana tafiya mai nisa neman kara da busasshen kashin shanu. Itatuwan da suka hau suna yara duk sun shiga murhu. Burinsa ya cika mota da abin da Kumasi ke zubarwa, ya sauke a ƙofarta. Direbobi kuwa sun ce ba sa ƙetare iyaka da shara. Buhunan da ya tara suna nan jingine a bayan ɗakinsa, ya rufe su da leda.

Jiya na tsokane shi. "Baba, mai lissafin wutar duniya, tukunyar Hajiya guda ta gagare ka?"

Ya yi murmushi.

"Ɗana, ruwan garinku ne ya cuce ni. Da a ƙofar Safura ne, wallahi ashana ɗaya ta isa. Can komai a bushe yake."