Ragowar Maganin Zai-yi-rana

Duk layin babu mai kiransa da sunan yanka. Zai-yi-rana ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa. Mai gyaran fanka ne da dutsen guga da rediyo, a wani ɗan shago da bai fi ɗakin girki ba, bango ɗaya da shagon mai aski. In ka kawo masa dutsen guga ya ƙone ƙurmus, sai ya ce ka bar masa gawar. Ya kwance ta, ya cire noti, ya cire waya, ya cire ɗan maɓallin, ya jefa kowanne a gwangwaninsa. Ka tambaye shi me zai yi da su, amsar ɗaya ce: "Bar shi, zai yi rana."

Abin haushin shi ne yakan yi ranar. Sai wata tsohuwa ta zo da fankar da kamfaninta ma ya manta ya taɓa yin irinta, ya miƙa hannu sama ko dubawa bai yi ba, ya sauko da gwangwanin madara mai tsatsa, ya zaro abin da ake nema. Daga nan kuma ranar mai aski ba zai huta da gori ba. Da waɗannan gwangwanaye ya yi aure, da su ya ciyar da 'ya'ya har suka watse kowa ya kama gabansa, aka bar shi da matarsa da autarsu, wadda ke aikin ofis tana leƙo su duk yamma.

Matar kuwa ta sha fama. Ta taɓa lallaɓawa ta jefar da wani bokiti da ya tsage, washegari ta same shi a tsakar gida an ɗinke shi da waya, an yi masa sabon hannu. Ta riƙe haɓa ta ce, "Baban Auta, ni dai na gode Allah da nake da rai. Da na mutu, kwance ni za ka yi ka zuba a gwangwani." Ya ce ai da ya samu noti masu kyau.

Akwai kuma wani ra'ayi da ya riƙe kamar gado: ya tsani duk abin da aka haɗa biyu a jiki ɗaya. Rediyo mai kaset, fanka mai fitila, duk yaudara ce a wurinsa. Ya buɗe cikinsu ya gani da idonsa: a rage ƙarfin wannan, a rage na wancan, a cusa su cikin kwali ɗaya. "Taura biyu ba ta taunuwa," in ji shi. A kan kayan wuta, ba za a ce ƙarya yake yi ba.

Hawan jini ya same shi ne yana tsaka da ƙarfinsa. Ciwon kai, nauyin ƙeya, sai ranar da Auta ta tasa ƙeyarsa zuwa asibiti awo ya nuna abin da ya sa likita ya cire tabarau. Aka ɗora shi kan ƙwayoyi biyu kowace safiya, fara da ja. Ya yi shekaru a kansu, wani lokaci ya sha ɗaya ya manta ɗayar. Da awon ya sake hawa, Auta ta zaunar da shi, ba wasa a fuskarta.

"Baba, ka ji ni da kyau. In jinin nan ya ƙara tashi haka, shagon nan rufe shi za mu yi. Ka dawo gida ka zauna. Mu ba mu gaza ba."

Maganar ta zauna masa a ƙirji. Ya ga abin da zaman gida ya yi wa mai facin taya na bakin titi: mutum mai barkwanci, aka ajiye shi kan kujera a ƙofar gida, ya koma yana kallon ƙafafun masu wucewa har ya daina gane su. Zai-yi-rana ba mutuwa yake tsoro ba. Kujerar nan yake tsoro.

A zuwan da suka yi na gaba, likita ya ce tunda mantuwa na shiga tsakani, za a mayar da shi kan ƙwaya ɗaya. Mai ba da magani, wata mata mai haƙuri, ta ɗaga sabon kwalin ta taga ta yi masa bayani dalla-dalla.

"Baba, wannan ɗayar, fararka da jarka ne aka haɗa a ciki. Ita kaɗai za ka riƙa sha. Tsofaffin ka daina su daga yau, ka kawo mana ragowar. In ka haɗa su da wannan, ka sha kowanne sau biyu ke nan, jini zai faɗi ƙasa. In za ka tashi, ka tashi a hankali. Ka ji jiri, ka zauna, ka dawo mu gani. Kuma kar ka sha maganin ciwon jiki sai ka tambaye mu, yana iya taɓa ƙoda in ya haɗu da wannan."

"Na ji, 'yata. Allah ya yi albarka."

Ya ji ɗin kuwa. Kar wani ya ce ba a gaya masa ba, ko bai fahimta ba. Kunnen da ke gane ciwon fanka daga bakin ƙofa bai rasa ko kalma ɗaya ba.

Matsalar tana cikin aljihun teburinsa na shago. A nan kwalaben tsofaffin ƙwayoyin biyu suke, kuma bai daɗe da karɓo su ba, cike suke taf. Da safe ya zauna ya ɗora sabuwar ƙwayar a tafin hannunsa, ya jera fara da ja a gefenta. Sabuwar ko girman farar ba ta kai ba. Ya yi ɗan murmushin da yake yi in an kawo masa rediyo mai kaset. Ta ina abu biyu za su shige cikin wanda bai kai ɗayansu ba? An rage ne, kamar yadda aka saba. In kuwa an rage, jini zai hau, in ya hau Auta za ta zo da kwaɗon rufe shago. Ga kuma magani lafiyayye, sabo fil, wai a mayar a zubar. Shi da bai taɓa jefar da lanƙwasasshiyar ƙusa ba!

Sai ya yanke abin da yake gani hikima ce. Sabuwar zai sha a gida a gaban matarsa. Tsofaffin kuma a shago da shayin safe, har su ƙare. Ba wanda aka cuta, ba abin da aka yi asara. Wallahi in na tuna wannan lissafin sai raina ya ɓaci, don mutum ne mai hankali, kuma hankalin nasa ne ya kai shi ya baro.

Jikinsa bai ɓoye masa ba. Fitsari ya dame shi, ya riƙa zarya bayan shago har mai aski ya ce ko famfo ya haɗiya. Bakinsa ya riƙa bushewa. In ya miƙe daga kan benci sai duniya ta yi duhu na ɗan lokaci, ya dafa tebur har ta dawo. Ƙafafunsa suka fara ɗaurewa, bayansa ya riƙe. A nan ma aljihun tebur ya yi masa rana: akwai ragowar maganin ciwon jiki da matarsa ta taɓa sha ta bari, ya ɗauke ya adana. Ya fara ƙarawa da shi.

Auta ta sayo na'urar awo, takan ɗaura masa a hannu da yamma. Ta duba ta ga jinin ya sauka sosai, ta yi dariya.

"Kai, Baba! Naka ma ya fi nawa sauka. Amma ba ka jin jiri ko?"

"Jirin me? Ni da nake hawa tsani?"

Da ya ce eh, da ta mayar da shi asibiti washegari, da an gano. Amma a kunnensa "jiri" da "rufe shago" duk abu ɗaya ne. Matar ce kawai ba ta yarda ba. Ta ga yadda yake riƙe ƙyauren ɗaki in zai fita, ta ga fuskarsa ta faɗa.

"Baban Auta, anya lafiyarka? Ka zama kamar wanda aka matse."

"Zafi ne. Kowa ma haka yake."

Ranar da abin ya faru ana zafi kamar a gasa mutum. Fankar saman shagon mai aski ta fara ƙara, ƙiiƙ, ƙiiƙ, masu jiran aski suna fifita da kwali. Mai aski ya leƙo.

"Zai-yi-rana, zo ka duba tsohuwar budurwarka, tana kuka."

Ya daɗe a tsugune yana tonon wani gwangwani a ƙasan tebur, gumi na ɗiga daga haɓarsa, tun safe kuma ko ruwan kirki bai sha ba don gudun zarya. Ya samu boris ɗin da yake nema, ɗan ƙarfen nan da fanka ke juyawa a kansa, na wata fanka da ta mutu tun Auta na goye. Murna ta sa ya miƙe zumbur, ya saɓa tsani, ya shiga. Duhun ya zo masa tun a matakin farko. Ya san shi, ya saba jira ya wuce. Amma ga mutane sun zuba masa ido, ga mai aski yana cewa, "Ko tsufa ya zo ne in kira wani?" Ya ci gaba da hawa. Ya ɗaga hannu biyu sama, ya ɗaga kai, sukudireba na tsakanin yatsunsa.

Bai ji faɗuwar ba. Ya dai farka ya ga fankar tana can sama ba ta motsi, ga gashin mutane a kumatunsa, mai aski na salati yana kiransa da sunan da rabon da a ji shi tun ranar aurensa.

Ƙugu ya karye, tsintsiyar hannun dama ta farfashe. A asibiti suka tarar jininsa ya yi ƙasa ƙwarai, jikinsa ya bushe, ƙoda ta jigata. Likita ya ce a kawo duk abin da yake sha, komai da komai. Auta ta kawo kwalin gida. Mai aski ne ya zo da yamma da wata leda cike da magunguna, ya ce ya gani a aljihun tebur da ya je rufe masa shago, ko za a buƙata.

Likita ya jera su a kan gado, ya dubi kwalaben da suka kusa ƙarewa. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Ya ce girman ƙwaya ba shi ne ƙarfinta ba, kuma abin da ke cikin sabuwar daidai yake da na tsofaffin biyu, ba a rage ko kaɗan ba. Auta ta juyo, idanunta sun kawo ruwa.

"Baba, me ya sa? Ba an ce ka daina ba?"

Ya kalli bango. "Sabbi ne fil. Ya za a yi in zubar?"

"Da na tambaye ka jiri fa?"

"Da kin rufe min shago."

Ta fita waje ta yi kukanta. Har yau tana ganin da bakinta ta tura shi kan tsanin nan, kuma ba wanda ya iya cire mata wannan daga rai.

Ƙodar ta farfaɗo, ko da yake ba kamar da ba. An sa masa ƙarfe a ƙugu, yana takawa da sanda. Hannun ne ya ƙi. Ya warke a sandare, yatsun ba sa haɗuwa, ko cokali sai ya riƙe da hagu. Ya gwada kama sukudireba sau ɗaya, ba kowa a ɗakin, ta zame ta faɗi ƙarƙashin gado, bai iya sunkuyawa ya ɗauko ba. Yanzu ƙwaya ɗaya yake sha, daga hannun matarsa, kuma jininsa daidai yake, ba hawa ba sauka. Garin gyaran gira an rasa ido, ga shi girar ta yi kyau.

Wanda ya ba shi hayar shagon ya buƙaci wurinsa. Auta da mahaifiyarta suka je kwashe kaya, mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo da kurarsa. Bai tsaya duba wane gwangwani ne na noti, wane ne na maɓalli ba. Juye su ya riƙa yi cikin buhu ɗaya, abin da aka yi shekara da shekaru ana warewa ya cakuɗe kafin a ce kwabo. Mai aski ya shige shagonsa ya ja labule.

Da suka dawo yana zaune a ɗaki kan kujerar da Auta ta saya masa, mai laushi, mai wurin ɗora hannu. Fankar ɗakin tana juyawa tana ƙiiƙ, ƙiiƙ. Ta kwana biyu tana yi. Ya san abin da ke damunta, ya san gwangwanin da maganinta yake, na uku daga hagu a kan shiryayyen katakon sama, wanda yanzu babu shi.

Matar ta shigo tana ɓoye wani abu a cikin mayafi. Ita da ta ƙare ƙuruciyarta tana yaƙi da tarkacensa, ita ce ta faki idon mai ƙarafa ta ɗauke gwangwani ɗaya. Ta fito da shi, na madara ne mai tsatsa, ta girgiza shi ya yi ƙara, ta ɗora masa a cinya tana ƙoƙarin murmushi.

"Ga shi, Baban Auta. Na ce a bar maka wannan. Ka sani ko hannun ya saki. Zai yi rana."

Ya daɗe yana kallon gwangwanin. Bai buɗe ba. Ya sa hannun hagu ya ture shi a hankali zuwa wajenta.

"Zubar da shi."

Tunda ta aure shi ba ta taɓa jin wannan kalmar a bakinsa ba. Ta tsaya riƙe da gwangwanin, ta rasa inda za ta kai shi, sai ta zauna a bakin gado ta rungume shi a ƙirji tana hawaye. Shi kuma ya jingina da kujerar ya rufe ido, fankar na ta ƙara a samansu.