Ranar da Baba Ya Zo Kallon Ƙwallo

Kulob tara na buga wa ƙwallo cikin shekara goma sha huɗu, kuma babu ko ɗaya da aka taɓa nunawa a talabijin. Ni mai tsaron baya ne, irin wanda koci kan ɗauka idan ya rasa wanda yake so. Na sha zafin Lokoja, na ci sakwarar Makurɗi har na gaji, na yi kakar wasa guda a wani gari da filinsu ya karkace har ƙwallo kan gangara da kanta. Duk inda na ji ana tantance 'yan wasa, sai in cusa takalmi da safa a jaka in nufi tasha. Ban yi suna ba, amma ban taɓa jin kunyar sana'ata ba sai a gaban mutum ɗaya.

Babana manomin doya ne a Kwandere, kusa da Lafiya. Bai hana ni ƙwallo ba, bai kuma taɓa zuwa kallo ba. In aka tambaye shi aikin babban ɗansa, sai ya ce, "Yana tafiye-tafiye." Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Abin da nake so bai taka kara ya karya ba: ya zauna sau ɗaya ya gan ni a fili.

Kulob ɗina na uku a nan Lafiya yake. Mai kula da kayan wasanmu wani dattijo ne mutumin Awe, kullum da gishirin garinsu a ƙullin leda. Duk safiyar wasa ni da shi mukan barbaɗa shi a bakin ƙofar fili. Babu laya, babu tofi, gishirin miya ne kawai. Yakan ce da ni, "Ba gishiri ne yana aiki ba, ganin shi ne yana aiki." Gaskiyarsa kuwa. Baƙi na hango farin abu a ƙasa sai cikinsu ya ɗuri ruwa tun ba a hura usur ba.

Shekaru suka ja, na faɗa kulob na tara a wata jiha, ina da talatin da uku. Sabon zuwa, ga tsufa, dole ka samu abin da za a saurare ka da shi. Wata rana a mota na ba su labarin gishirin, na kuma ƙara masa kitse. Na ce akwai ƙahon rago a binne ƙarƙashin ƙofar, wanda duk ya tsallaka sai ƙafarsa ta yi nauyi kafin hutun rabin lokaci. Aka yi ta salati, ni kuwa ina jin daɗi. Ban lura koci ya juyo daga kujerar gaba yana saurare ba.

Can tsakiyar kaka aka haɗa mu da tsohon kulob ɗin nawa, a Lafiya. Na kira ƙanena, wanda ke acaɓa a gari, na roƙe shi ya shawo kan Baba. Da yake an gama haƙar doya, sai ga shi ya yarda. Baba ya karɓi wayar da kansa.

"Idona ya yi rauni. Yaya zan gane ka a cikinsu?"

"Lamba biyar, Baba. An rubuta ɓaro-ɓaro a bayan riga."

Ranar wasa motarmu ta tsaya a bakin fili, ga gishiri nan fari fat. Koci ya leƙa ta taga, ya daki kafaɗar direba.

"Zaga baya. Babu wanda zai bi get ɗin nan. Oya, kowa katanga."

Na ce, "Koci, wallahi gishiri ne kawai. Ni na san abin, babu ƙaho ko ɗaya."

"Da bakinka ka faɗa mana. Yanzu ka zo gida ka zama nasu, abi?"

Kowa a motar ya zuba mini ido. Wanda ya yi yawon kulob kamar ni ya san babu zargin da ya fi wannan muni. Don in wanke kaina, ni na fara hawa. Katangar ta fi tsayina da kamu biyu. Na dira a kan wani guntun bulo da ciyawa ta rufe, na ji idon sawuna ya ce ƙas. Sauran goma sha bakwai suka diro sumul, har da koci da tumbinsa.

Kafin a gama ɗumama jiki ƙafar ta kumbura, takalmi ya ƙi shiga. Kulob ɗinmu saitin riga ɗaya gare shi, lamba kuma ta wuri ce, ba ta mutum ba. Koci ya zare biyar daga hannuna ya miƙa wa wani ɗan Tibi mai tsayina, mai aski ƙwal irin nawa.

Na zauna a ƙarshen benci, na lulluɓe kai da tawul. Can ƙetaren fili na hango Baba da farar rigarsa ta Juma'a, ƙanena a gefensa. Ba ƙwallo yake bi da ido ba, lamba biyar yake bi. Shi kuwa ɗan Tibin nan, kamar ya san abin da ke faruwa, ya buga wasan da bai taɓa yin irinsa ba. Suka taka shi ya tashi. Saura kaɗan a tashi aka bugo mana kwana, ya yi sama ya sa kai, ƙwallo ta faɗa raga. Muka tashi ɗaya da ɗaya a gidan wasu, abin da a rukuninmu ya kai a yi biki. Na ga Baba ya miƙe tsaye da sandarsa a sama.

Bayan an watse na ɗingisa na same su a gindin mangwaro inda aka ajiye babur. Baba ya dubi ƙafar ya gyaɗa kai.

"Na ga lokacin da suka taka ka. Ka tashi ka ci gaba, haka ake so. Ban san kana tashi sama haka ba."

Na buɗe baki zan yi magana. Ƙanena, wanda ya gane komai tun minti na farko, ya harare ni ya tayar da babur da ƙarfi. Sai na ce, "Na gode, Baba."

Wannan targaɗen ne ya sallame ni daga ƙwallo, ban sake buga wasan gasa ba. Washegari Baba bai je gona ba. Shi da kansa ya raka ni wurin mai ɗori, ya zauna a tabarma ya riƙe mini gwiwa. Da mutumin ya kama sawun zai ja, Baba ya dafa hannunsa.

"A hankali, malam. Ƙafar nan ta aiki ce."

Hawaye suka zubo mini, su duka biyun suka ɗauka zafin ɗori ne.